Lauwali Mai Zuma da Rigar 'Yan Sama Jannati

Malam Lauwali ya gaji sana'ar zuma ne daga mahaifinsa, a wani ƙauye kusa da Gwiwa. Amyoyinsa na kan tsamiya da gawo, kuma tun yana saurayi ba a raba fuskarsa da kumburin harbi. Wasu ma sun ɗauka haka Allah ya yi shi.

Wata ranar kasuwa ya tsaya shan shayi wajen Ashiru, mai talabijin a rumfarsa. Ana nuna 'yan sama jannati biyu sun fito daga kumbonsu suna ɗaure wani ƙarfe, cikin fararen kaya, ko ɗan yatsansu ba a gani.

"Ashiru, waɗannan me suke tsoro?"

"Baba, ai can babu iska. In ba rigar nan, mutum mutuwa zai yi."

"Akwai ƙudan zuma?"

"Babu."

"To, an yi asarar riga," in ji Lauwali.

Ya koma gida ya yi wa matarsa Saude bayani, don ita ke da keken ɗinki. Ta auna shi. Ta ɗinka riga da wando a haɗe da buhunan taki, aka samo tsohuwar hular kwano, aka rufe gabanta da yankin gidan sauro. Safar hannu ta roba kuwa daga Kazaure aka sayo.

Ranar gwaji, da hantsi, ya nufi tsamiya yana tafiya a tale, don wandon bai yarda da sauri ba. Awaki suka watse. Tsohuwa Dela, maƙwabciyarsu, ta yar da itacenta tana salati. Da ya hau, ƙudan suka yi masa caa, amma ko ɗaya bai samu ƙofa ba. Zafi ne ya samu. Ya sauko da ƙwarya cike da saƙar zuma, ya ajiye ta a hankali, sannan ya suma.

Ya farfaɗo ya ga Saude na yi masa fifita.

"Malam, an dawo duniya?"

"Su 'yan sama jannatin akwai fanka a cikin tasu," ya ce. "Ke kika manta."

Ta yanke hammata biyu ta sa raga.

Yanzu har Roni da Babura ake zuwa ɗaukarsa a mashin in zuma ta shiga rufin gida. Yara na kiransa Na-Sama, yana kuma amsawa. Da damina yana noman gero kamar kowa.