Fuskar Biskit

Shekara ashirin da biyu Merv Kowalchuk ya yi yana ba yaran garin Hamilton dariya, sannan ya rushe komai cikin kwana huɗu, da hannunsa, ba wanda ya tilasta masa.

Ranakun aiki direban motar 'yan makaranta ne. Asabar da Lahadi kuwa sai ya shafe fuska da farin fenti, ya maƙala jan hanci, ya zura takalman da za a iya kwantar da jinjiri a ciki, ya koma Biskit, ɗan barkwancin da ake gayyata bikin ranar haihuwar yara. Yana murɗa balan-balan ta zama kare, yana faɗuwa daga kujera sau bakwai a biki ɗaya, kuma duk faɗuwar da ya yi sai yara sun kwanta don dariya.

'Yan wannan sana'a suna da doka da ba a rubuta ba: kowa da zanen fuskarsa, ba ka aron ta wani, ba ka canza taka. Ta Merv farar fuska ce, da koren tauraro a saman idon hagu. Yadda yake ji da tauraron nan sai ka ce gadonsa ya yi.

A shekarar 1993 wani kamfani a Toronto yana shirya wasan talabijin na tsoratar da yara, irin wanda iyaye kan zaunar da 'ya'yansu a gabansa don su sami sararin shan kofi. Suka nemi wanda zai fito a matsayin mugun ɗan barkwanci da ke zaune cikin injin wanki, yana janye duk yaron da ya leƙa neman safa. Aka ɗauki Merv aikin kwana huɗu.

Mai kwalliyar kamfanin ta zo da zanen wata fuska dabam. Merv ya kalle ta sheƙeƙe.

"Baiwar Allah, ni fuskata guda ce. Ba na sa ta kowa."

"Wannan fa dodo ne za ka fito, ba biki za ka ba."

"To ai shi ke nan, duk ƙasa ta san Biskit."

Matarsa Doreen ma ta yi nata ƙoƙarin. "Kai Merv, ka yi hankali. Yara ba sa mantuwa."

"Abin da nake so ke nan, Doreen. Talla ce kyauta."

Tallar kuwa ta karɓu. Asabar ɗin da ta biyo bayan nuna shirin ya shiga wani gida da balan-balan a hannu, ya ce, "Ina mai bikin?" Yara goma sha huɗu suka watse a guje. Mai bikin ya kulle kansa a banɗaki, sai da aka cire ƙofa. Uwar yaron ta naɗe wa Merv yankin kek a takarda, ta raka shi ta ƙofar baya cikin ladabi, tana ba shi haƙuri, kamar yadda mutanen Hamilton kan yi in sun gama da kai har abada.

Wata shida yana jiran wayarsa ta yi ƙara. Doreen ta ce ya goge tauraron, ya canza suna. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai ɓoye fuska. Sai ya sauke akwatin fentin a ɗakin ƙasa, a kan katako, daidai saman injin wanki, ya ci gaba da tuƙin motarsa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Bayan shekara ashirin yaran nan suka girma, suka yi gemu da tumbi, suka fara kewar tsoron yarintarsu. Aka riƙa gayyatar Merv taron masoya tsofaffin shirye-shirye. Ƙarti su yi layi, kowa ya kama hannunsa yana murna: "Kai, dattijo, ka lalata min yarinta! Har na gama firamare ban sake sauka ɗakin wanki ba!" Shi kuma ya ce ya gode. Faɗuwar da ya yi daga kujera shekara ashirin da biyu ba wanda ya tuna ta.

Abu ɗaya ya rage masa a rai. Tun ranar da aka haifi jikarsa Tess ya ci alwashin cewa ranar da ta cika shekara shida Biskit zai dawo, na ainihi, mai ba da dariya. Ita ba ta san tsohon shirin ba, ba ta ma san kakanta yana shafa fenti ba. Ya sayo sabon hanci, ya yi wata guda yana gwada faɗuwa a kan kafet, gwiwoyinsa suna ƙara, Doreen tana cewa ita ba za ta kai kowa asibiti ba.

Saura kwana uku bikin, da hantsi, uwar Tess ta kawo ta gidan. Yarinyar ta ƙi wuce bakin matakalar ɗakin ƙasa. Ashe an zuba tsohon shirin a intanet, ta gani a gidan ƙawarta. Kwana biyu ke nan ba ta yarda a sa mata kayan da suka fito daga injin wanki.

Ta ruga ta ƙanƙame ƙafar Merv. "Kaka, yana can ƙasa. Mai koren tauraro."

"Wasa ne fa, 'yar nan. Ƙila ma mutumin kirki ne."

"A'a, mugu ne! Kaka, ka kore shi. Kai ba ka jin tsoron kowa."

Merv ya dubi Doreen.

Ya ɗauki tsintsiya mai sanda ya sauka. Daga sama suka ji yana dukan injin wanki yana ihu, "Fita! Fice min daga gida, tsohon banza!" Ya rafka faɗuwa guda, irin ta da, har gilashin taga ya girgiza. Can sai ga shi ya hau yana haki, riƙe da baƙar leda ɗaure tamau, wani abu mai kama da akwati a ciki. Ya wuce da ita waje ya jefa a kwandon shara, ya danne murfin.

Tess tana leƙe daga bayan Doreen. "Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Ba zai dawo ba?"

Merv ya goge hannu a wando. "Ba zai dawo ba. Na san shi sarai, in ya ga ba a son sa ba ya dawowa."