Kilishin Inna da Furen Maƙwabciya

Shekarar da Inna ta zo London a duba mata gwiwa, ina zaune a Lewisham, a wani flat na sama mai ɗaki biyu, ina karatu a Bloomsbury. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ke nan. Ni ne ɗanta na fari, kuma duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da wannan yake nufi: ba ta kiran sunana, ba na kallon idonta, maganarmu ba ta wuce gaisuwa da abin da ya zama dole. Sai ga mu mu biyu rak a gida ɗaya, babu ƙane babu ƙanwa da za a aika da saƙo. Idan tana son shayi sai ta faɗa wa bango, ni kuma in ji daga bakin bango in tashi in dafa.

A ƙasanmu akwai wata tsohuwa Ba'indiya, 'yar Hindu, wadda mijinta ya rasu. A Uganda aka haife ta, tana cikin waɗanda aka koro suka sauka Ingila da akwati ɗaiɗai. Turancinta tsinta-tsinta ne, Inna kuwa ko zo in kashe ka ba ta ji. Amma ba a yi sati biyu ba suka ƙulle. Kullum in na tafi makaranta sai tsohuwar ta hau matakalar nan da kwalbar mai mai ɗumi, ta zauna ta murza wa Inna gwiwa. In na dawo sai in same su suna tsince shinkafa a faranti ɗaya, kowacce na zuba da yarenta, suna dariya a wuri ɗaya. Inna ta sa mata suna Hajiyar ƙasa. Na taɓa yin ƙarfin hali na ce ai ba Musulma ba ce. Inna ta shaida wa bango cewa an ji, ta ci gaba da kiranta haka.

Abu ɗaya ne yake damun Inna game da ita: ba ta taɓa ganin nama a tukunyarta ba. Ta yanke hukunci cewa babu ce, ta riƙa jin tausayinta. Ni na san ba babu ba ce. Matar nan tun da aka haife ta nama bai taɓa shiga bakinta ba, saniya kuwa a wurinsu kamar uwa take. Amma gyara wa Inna zance ba aikin ɗan fari ba ne, sai na bar shi a haka.

Da kaka ta shigo, ɗan tsohuwar da ke Kanada ya aiko mata da tikiti, za ta koma wurinsa gaba ɗaya. Kafin ta tafi tana da buri ɗaya. A Leicester akwai gidan ibadarsu, ɗaya daga cikin na farko-farko da mutanensu suka kafa a ƙasar. Tsohon gini ne da ya haura shekara ɗari, suka saya suka gyara da hannuwansu. Mijinta kafinta ne, shi ya sassaƙa babbar ƙofar ciki, yana zuwa duk ƙarshen mako har aikin ya ƙare. Tun da ya rasu ba ta sake taka wurin ba. Duk bazarar nan ta yi ta renon wasu furanni masu ruwan lemo a tukwane a bayan gida. So take ta zarga su a zare, ta je ta miƙa wa mai kula da ibadarsu da hannunta, da sunan mijinta. Akwai masu zuwa da za ta iya ba su, amma zuwa da kai ya fi aike, kuma ta san daga wannan ba wata.

Motar da 'yan'uwanta suka shirya ba ta samu ba, sai na ce zan kai ta. Na ari motar wani abokina likita. Da ya ji inda za mu, ya miƙo makulli yana cewa, "In labari ya kai masallaci cewa ka yi driving ɗin mahaifiyarka zuwa gidan gumaka, ni ban san ka ba." Domin Inna ta riga ta ce da ita za a je. Wadda ta hau mata bene kullum da tsufanta, in ji ta, ba a hana ta rakiya.

Ana gobe za mu tafi tsohuwar ta yi mini bayanin ƙa'idarta. Za ta yi wanka da asuba, ta sa wankakkun kaya, ba za ta ci komai ba, ba za ta taɓa nama ko fata ko ƙwai ba har sai furen ya bar hannunta. In ta taɓa, sai sabon wanka da sababbin kaya. Na taƙaita wa Inna, na ce wanka da azumi, na tsallake batun nama. Inna ta gyaɗa kai ta ce ashe riƙon alwala ne da su, abin ya burge ta.

Da safe ina ɗaure takalmi na ga Inna ta buɗe akwatinta ta zaro wani ƙunshi daga can ƙasan zannuwa. Kilishi ne na Kano, na naman sa, wanda ta shigo da shi ta hanyar da ni ma ban tambaya ba. Tun zuwanta take tattalinsa, ni kaina ɗan yanki biyu na samu. An naɗe shi a takardar siminti, mai ya huda ta ko'ina. Ta ce wa bango ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana, a kai wa manyansu su ma su ɗanɗana abin kirki.

Na buɗe baki na rufe. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni na ɓoye. Sai na yi dabara irin ta 'yan boko: na karɓa da ladabi, na jefa a but ɗin mota, da niyyar in mun isa in manta da shi a can.

Muka ƙetare kogi, muka sha cunkoson tsakiyar gari, muka hau babbar hanyar arewa. Su biyun suna baya. Hajiyar ƙasa ta shimfiɗa farin ƙyalle a kujera ta zauna a kai, tiren furenta a cinya, an rufe shi da wani farin ƙyallen. Da muka fita gari filaye suka buɗe kore shar, ga shanu manya-manya suna kiwo. Inna ta yi ta salati, tana tambayar gilashin mota ina Bafillacensu, wa zai bar dukiya irin wannan babu mai tsaro. Tsohuwar kuma duk garken da muka wuce sai ta ɗan sunkuyar da kai. Inna ta ɗauka ita ma ƙibarsu take yabawa, ta ji daɗi sun yi ra'ayi ɗaya.

A tsakiyar hanya muka tsaya Inna ta miƙe ƙafa. Na buɗe but na ɗauko butarta, na tafi cika ta da ruwa, na bar shi a buɗe. Da muka ci gaba na ji ƙamshin yaji da ƙuli ya cika motar, na ce a raina daga baya yake shigowa. Tsohuwar ta ɗan sauke gilashi duk da sanyin da ake yi.

Muka isa wajen hantsi. Daga waje ginin jan bulo ne kamar sauran na layin, sai wata 'yar hasumiya fara da aka ɗora masa da tuta a kai. Wasu tsofaffin mata huɗu suna jiran ƙawarsu a bakin ƙofa, tun daga Uganda suka san juna. Aka yi ta gaisuwa da haɗa tafuka, har da hawaye. Ina can ina kulle mota na hango Inna ta matsa gaba, ta zaro ƙunshin nan daga cikin mayafinta, ta ɗan rusuna da gwiwar nan tata mai ciwo, ta miƙa da hannu biyu.

Ƙamshin ya riga ni isa. Matan suka ja da baya, ɗaya ta rufe hanci da gefen mayafi. Hannuwan Inna suka tsaya a sarari, babu mai karɓa. Na ga murmushinta ya fara dusashewa, tana kallon wannan tana kallon waccan. Matar da a unguwarmu ake tashi tsaye in ta shigo gida.

Hajiyar ƙasa ta dube ni. Ta ce, "Saniya?"

Na gyaɗa kai. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ba ta yi jinkirin da ya kai a ƙirga biyar ba. Ta juya ta ɗora tiren furenta a hannun ɗaya daga cikin ƙawayenta. Sannan ta miƙa hannu biyu ta karɓi ƙunshin, man ya taɓa tafukanta, ta ɗaga shi zuwa goshinta yadda suke yi wa kyautar girma, ta yi godiya. Fuskar Inna ta dawo. Tsohuwar ta ce in gaya wa Inna ta karɓa, kuma za ta ba waɗanda suka fi kowa wahala a layin. Ta ƙetara titi da kanta ta miƙa wa wasu Turawa da ke gyaran hanya. Inna ta ce madalla, ashe sun san sadaka.

Ta daɗe a bakin famfo tana wanke hannu. Na yi fatan hakan ya wadatar, amma na riga na ji ƙa'idar da kunnena, kuma wankakkun kayanta suna Lewisham.

Muka cire takalma muka shiga. Ni Musulmi ne, zuciyata ba ta karɓi abin da suke yi wa sujada ba, kuma babu wanda ya nemi mu rusuna. Amma ƙarya ce in ce wurin bai kama ni ba. Dutsen daɓen fari ne mai sanyi, an goge shi har kana ganin inuwarka. Turaren tsinke irin na gida yana tashi, wata ƙararrawa tana bugawa jifa-jifa, tsofaffi sun zauna a ƙasa suna rera wani abu a hankali. Mutanen da aka raba da komai ne suka gina wannan, bayan sun tashi daga masana'anta da kanti. Ga kuma ƙofar. Baƙin katako ce mai tsawon mutum biyu, an sassaƙa mata ganye da tsuntsaye da giwaye ƙanana, kowace giwa da yadda ta karkatar da hancinta. Inna, wadda ta san ƙofofin tsofaffin gidajen birni, ta tsaya ta ce wannan mutum Allah ya ba shi hannu. Tsohuwar ta nuna mana wani lungu da haɓarta, inda ya sassaƙa 'yar bishiyar ayaba irin ta ƙofar gidansu na Uganda. Da haɓa ta nuna, hannuwanta suna harɗe a baya. Ko ƙofar ba ta taɓa ba.

Ba ta wuce nan ba. Ta zauna tare da mu a baya, kusa da bango. Daga can muka ga ƙawarta ta kai tiren gaba, mai kula da ibadar ya ɗaga zaren furen nan, dogo, mai ruwan lemo, ya rataya. Na ji ta ambaci sunan mijinta ƙasa-ƙasa. Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

Bayan an tashi aka kai mu ɗakin cin abinci na ƙasa, inda mata suke ta murza gurasa, ana ciyar da duk wanda ya shigo. Tsohuwar ta sa aka kawo mana daga tukunyar da ba a kai gaban abin bautarsu ba. Ni ban ma yi tunanin wannan ba, ita ta yi mana. Muka yi sallar azahar a wani lambu kusa da inda na ajiye mota, tsohuwar ta zauna a benci tana riƙe mana takalma da ido.

Mun fita gari kaɗan, ba mu kai babbar hanya ba, Inna ta yi magana. Ta tambayi gilashin mota me ya sa Hajiya ta reni fure wata da watanni, ta zo har nan da azumi a baki, sannan ta ba wata ta miƙa. Inna ba ta jin Turanci, amma ba a yi mata abu a gaban ido ya wuce ta.

Wannan karon ban bi ta bango ba. Na faɗa mata duka: saniya, da nama, da wanka, da cewa na sani tun jiya, na sani tun da safe.

Ta ce in tsaya. Na gangara gefen hanya kusa da wata gona na kashe mota. Ta kama hannuwan tsohuwar ta riƙe, ta ce in roƙe ta ta yafe mata, don ta karya mata alwala a ranar da ba ta da wata. Ban taɓa jin Inna ta nemi gafarar kowa ba sai ta Allah.

Tsohuwar ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Ka gaya mata fure ya isa inda aka aike shi. Ita kuwa da na janye hannuna a gaban mutanena, ina za ta sa fuskarta?"

Na fassara. Motoci suna ta wucewa. Sai na ga idon Inna a madubi, cikin nawa, abin da ban saba gani ba tun ina yaro.

Ta ce, "Kai ka ji kunyata, ka bar baiwar Allah ta ɗauki nauyin. Kalma ɗaya ce fa."

Na tayar da mota muka kama hanyar London. Bayan sati uku na kai tsohuwar filin jirgi, kuma ba ta sake dawowa Ingila ba.