Ranar da Yayana Ya Ba Ni Sitiyari

Malam Edita, shekara huɗu da suka wuce ina 'yar sha tara, na gama makarantar 'yan mata, ina ganin duk Birnin Gwari ba wanda ya kai ni sani. Yayana direban masu gandun daji ne, yana da lasin, da aikinsa gidanmu ke ci. Na dame shi ya koya mini tuƙi, ya ƙi. A gaban matarsa na ce masa jahili ne, tsoro yake ji mace ta fi shi. Wata Laraba ya ɗauke ni zuwa Kutemeshi, muna shiga daji ya ba ni sitiyari, ya koma gefe yana ta cewa in bi a hankali. Ni kuwa ban san a hankali ba. A wata gangara shanu suka ɓullo, na nemi birki na taka totur, na bi ta kan dattijon da ke kora su. Nan take ya cika. Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne me ya kawo shi tsakiyar hanya.

Yaya ya gaya wa 'yan doka shi ke tuƙi, ya roƙe ni in kame bakina, tunda hanyar ta lalace za a ɗauka tsautsayi ne. A gaban Joji Bature a Kaduna na kasa haƙuri. Na miƙe na ce da Turanci ni na tuƙa, a sake shi, har ina jin daɗin yadda kowa ya juyo. Joji ya bari na gama, sannan ya ce mai lasin da ya zauna a gefe ya miƙa mota ga wanda bai iya ba, a wurin doka shi ne direba, ga kuma ƙaryar da ya yi. Ni aka yi mini kashedi aka sallame ni. Shi aka ƙwace masa lasin aka ɗaure shi. Ana fita da shi ya dube ni ya ce, "Ƙanwata, kin iya Turanci."

Bana ya fito, faskare yake yi a kasuwa, bai taɓa tayar mini da zancen ba. Iyalan dattijon har yau ban je musu ta'aziyya ba, kunya ta hana ni. Masu lasin, kome gorin da za a yi muku kada ku sauka daga kujerarku, don doka ba ta tambayar wa ya nace. Ku kuma masu baki irin nawa, ku sani ni ina kwana a ɗakina lafiya, wani ne aka binne, wani ne aka ɗaure.