Jawabin Bankwana da Ya Koma Zagi

A cikin duk kunyar da na taɓa ji a rayuwata, akwai guda ɗaya da ba na jin ko tsufa zai iya goge mini ita. Ita ce ta ranar da na tsaya gaban taro a Gashua, na buɗe murya na zagi shugabata da Turanci, alhali ni a zuciyata yabonta nake yi.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandaren 'yan mata a Gashua. Ni 'yar Nguru ce, can mahaifiyata take, can kuma maigidana yake aiki. Duk Juma'a bayan an tashi ina cikin mota zuwa gida, Litinin da sassafe in dawo. Da zirga-zirgar ta ishe ni sai na rubuta takardar neman a mayar da ni wata makaranta a Nguru. Takardar ba ta motsi sai firinsifal ta sa hannu.

Firinsifal ɗinmu kuwa mutuniyar kudu ce, doguwa, ba ta cika fara'a ba. Ta shekara da shekaru tana koyar da Turanci kafin a ba ta shugabanci, Hausarta kuma iyakarta cinikin kifi a kasuwa. Kafin a buga ƙararrawa tana tsaye a bakin get, malamin da ya makara ya gaishe ta ya wuce yana jin idonta a ƙeyarsa. Farkon zuwana na ɗauka muguwa ce. Sai da taifot ya kwantar da ni, ta ɗauke ni a motarta ta kai ni asibiti, ta riƙa aiko mini da abinci daga gidanta har na warware, sannan na san wace ce ita.

Kwatsam sai labari ya zo an yi mata canjin wurin aiki. Ina aka kai ta? Makarantar nan ta Nguru da nake nema. Ke nan ita za ta sake ni a nan, ita kuma za ta karɓe ni a can. Aka shirya taron bankwana, malamai mata suka ce ni zan yi jawabi a madadinsu, wai muryata ko ba lasifika tana kaiwa ƙarshen aji. Na amsa da rawar jiki, don na ga dama ce ta in ƙara samun shiga a wurinta.

Matsalar ɗaya ce, Turancina na lissafi ne. In ce a tara, a raba, a nemo amsa, wannan na iya. Jawabi kuwa sai na nufi wurin kawuna a Nguru, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda har yau ba ya karanta jarida sai da biro a hannu. Na same shi ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa, na gaya masa abin da nake so in faɗa: cewa da farko na zaci muguwa ce, na zaci ba ta ƙaunarmu, amma da ta kai ni asibiti na gane uwa ce. Ya gyara tabarau ya rubuta mini shafi biyu da kyakkyawan rubutunsa. Da zai miƙo mini ya ce, "To 'yar nan, ga shi. Ki karanta yadda yake."

Na ce, "In sha Allahu, Kawu."

A mota aka samu matsala. Ina zaune a takure tsakanin wata mai buhun albasa da taga, na buɗe takarda ina bita. Layin farko ya ce, "At first I thought you were a wicked woman." Sai na ji wannan "at first" ya yi mini ƙanƙanta, kamar Turancin 'yan firamare. Na sha jin manya a wurin taro suna buɗe jawabi da "first and foremost", ka ji magana mai nauyi. A ganina duk "da farko" suke nufi, ɗaya dai ya fi ɗaya ado. Na soke na kawu na ɗora nawa. Sannan na dubi "thought" na ce, ai yanzu zan yi maganar, me ya kawo shuɗaɗɗen lokaci? Na mayar da shi "think". Na dubi "were" na ce, matar nan tana raye, gabana ma za ta zauna, na mayar da shi "are". Mu a lissafi in ka taɓa ɓangare ɗaya dole ka taɓa ɗayan, saboda haka na bi duk shafin farko na daidaita shi. Muka shiga Gashua ina jin kaina kamar na fi kawu.

Ranar taro zauren ya cika. Ga manyan baƙi daga ofishin ilimi, ga iyayen yara da manyan riguna, ga ɗalibai a baya suna fifita da littattafai. An ajiye kwandon bandar kifi da atamfa a kan tebur, kyautar malamai. Aka kira ni, na fito cikin sabon leshi, na karɓi makirfo, na dubi firinsifal ido cikin ido don ta san daga zuci maganar take, na ce:

"First and foremost, I think you are a wicked woman."

Zauren ya yi tsit. Ni kuwa na ce a raina, Turanci ya ratsa su. Na ƙara ɗaga murya.

"I think you hate us. I think you came to Gashua only to punish us."

Fifitar ɗalibai ta tsaya cak. Babban baƙo yana shan lemo ya sarƙe, aka hau bubbuga masa baya. Wata dattijuwa cikin iyaye, wadda ba ta jin Turanci, ita kaɗai ta tafa mini, ta ce, "Madalla da yarinya!" Na juya shafi zan shiga wurin da "amma" take, wurin da duk yabon yake, sai na ji an fizge makirfo. Malamin da ke gabatar da taro ne, gumi na zuba a goshinsa, ya raɗa mini, "Malama, lafiyarki kuwa? In faɗa ne ki bari a watse mana!"

Na ce, "Wane faɗa? Ai ban zo wurin daɗin ba."

Ya ce, "Wurin daɗi? Yanzu fa kika gaya wa duniya cewa babban abin da kika yi imani da shi, matar nan muguwa ce!"

Nan na gane abin da na aikata. Na hango takardar canjin aikina tana shiga kwandon shara, na hango kaina na tsufa a hanyar Nguru zuwa Gashua.

Firinsifal ta miƙe. Ta miƙo hannu, na ba ta takardar. Ta karanta shafin farko, ta juya na biyu, ta daɗe a kansa. Ta dawo na farko ta kawo shi kusa da ido, tana duba rubutun kawu da ke ƙarƙashin sokewata. Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Matar da muka shekara uku ba mu ga haƙoranta ba, ranar ta yi dariya har da dafa tebur. Ta karɓi makirfo ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Wanda ya rubuta na ƙasa, ya san Turanci. Wanda ya gyara, yana nema na da faɗa."

Zaure ya fashe. Ta jira aka lafa, sannan halin malanta ya motsa, ta juya ga ɗalibai da Turanci. Ta ce "at first" ana faɗinsa ne a kan abin da mutum ya zata a da, ya kuma riga ya sauya ra'ayi, shi ya sa yake tafiya da "I thought", mai sauraro kuma yana jiran "but". Shi kuwa "first and foremost" yana gabatar da abin da ya fi komai muhimmanci a wurinka, wanda kake tsaye a kansa yanzu. Ta maido mini takarda ta ce in sake daga farko, yadda aka rubuta mini.

Na sake daga farko. Da na zo labarin asibiti na ɗago, sai na ga tana share ido da gefen mayafinta. Tafin da aka yi mini ranar, rabinsa na tausayi ne, na sani.

Litinin na shiga ofishinta kamar mai shiga wurin alƙali. Ta jawo takardata ta sa hannu, ta ce za ta karɓe ni a Nguru da sharaɗi ɗaya: duk ranar taro, aikina rabon lemo. Shekara huɗu na yi a ƙarƙashinta a can, ba ta saɓa wannan sharaɗi ko sau ɗaya ba. Kawu kuwa labarin ya riga ni isa gida, direban motarmu ya kai masa. Ina yin sallama ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Sannu da zuwa, Baturiya."

Abin da ranar ta koya mini shi ne kada in ɗauki kalma don ƙararta ta yi mini daɗi, sai na san abin da take ɗauke da shi. Tsakanin "na zata" da "ina ganin" akwai tazarar da za ta iya raba mutum da wanda yake ƙauna. Yanzu in abu ya shige mini duhu, ko a gaban ɗalibaina ne, nakan ce ban sani ba, in je in tambaya. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, waccan kuwa ga shi shekaru sun shuɗe ina ba da labarinta.