Jirgin Audugar Muhyiddeen

Muhyiddeen mutumin Dar Salam ne, can bayan Umdurman, sana'arsa ɗinkin kujerun bas. Iyayensa sun yi tsinkar auduga a gonakin yankin Jazira kafin su dawo birni. Shi bai taɓa ganin ɗan jirgin ƙasan da ke kwasar audugar ba, a bakin kakarsa Gogo ya san shi. Takan ce tafe yake a hankali tsakanin gonaki, fari fat da auduga, kamar gajimare ya sauko yana neman hanya.

Sai ya ƙudurta ƙera irinsa, tsawon kamu guda, da guntayen katako da gwangwanin madara. Komai ya yi, sai huda ƙafafun. Ƙusa tana tsaga katakon, basilla kuma raminta ya cika faɗi.

Farkon mulkin soja ne, kaya sun yi tsada. Ya haye gada zuwa Khartum, ya daɗe a gaban wani shago yana kallon injin huda mai ƙyalli, har yana jin kukansa a ka. Da aka faɗi kuɗin sai ya yi murmushi kawai. Ko kyauta aka ba shi, babu lantarki a gidansu.

A kasuwar Umdurman ya ci karo da Hajj Zubairu, wani tsoho mai huda 'ya'yan carbi da tsinken ƙarfe da yake juyawa da ɗan baka da tsirkiya. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ina ake sayen wannan tsinken?"

"Ba a sayensa, ya waladi, ɗana. Wayar ƙafar keke ce. Ka dandaƙe bakinta, ka wasa a dutse. Kada ka danna, bar ta ta ci da kanta."

Muhyiddeen ya koma gida da wayoyi daga wajen mai faci. Ya karya da yawa kafin hannunsa ya faɗa. Ranar da ƙafafun suka juya, Gogo ta zare auduga daga matashinta ta cika taragun.

Labari ya bazu a unguwa. Tsofaffin Jazira suka riƙa zuwa bayan la'asar, suna tura jirgin a kan tabarma da ɗan yatsa, suna gardama a kan launinsa. Wani mai suna Jatau ya ce kore ne, Fatna maƙwabciya ta rantse baƙi ne. Muhyiddeen ya bar shi ba fenti, ya soma sassaƙa gadar da suka ce yana bi ta kanta.