Hujin Jitar Orval

Tun yana saurayi Orval Tackett yake kaɗa jitar lantarki a majami'u da gidajen rawa na jihar Kentucky ta Amurka. Shekarar da injin yanka katako ya cinye masa yatsu biyu, kowa ya ce shi da kiɗa sai kallo. Shi kuwa ya huda jikin jitar, ya sake jona wayoyinta, ya matso da maɓallin sauti inda ƙaramin yatsansa zai kai.

Yanzu sanyin ƙashi ya riƙe masa hannuwa, sai ya kawo jitar shagon tsofaffin kayan kiɗa don ya sayar. Ya san masu sayen tsohuwar jita ba sa son a taɓa ko ƙusa ɗaya. Yana ta murza hularsa, mai shagon tana jujjuya jitar, har ta kai ga maɓallin.

"Wane marar imani ne ya yi mata wannan aika-aika?" in ji ta. "Amma kwantar da hankalinka, Baba. Za mu toshe hujin, ta koma kamar ba a taɓa ta ba."

Orval ya dubi hannunsa mai yatsu uku, ya jawo akwatin jitar.

"Miƙo min abata," ya ce.