Dagan Essinam da Tukunyar Sabulun Fo Mawuli

Kafin masu shara su gama da ofishin ƙwadago na unguwarmu a Lome, Dagan Essinam ta riga ta sauko daga kan zemijan, wato acaɓa, tana yi wa mai babur faɗan gudu. Takan sayi ayimolu, shinkafa da wake, a bakin ƙofa, ta ci rabi ta rufe rabi, don ta san kafin rana ta take sai wani korarren ma'aikaci ya shigo mata da yunwa da fushi. "Ci tukuna," in ji ta, "ba na jin ƙarar mai yunwa, ƙari yake yi." Benci ɗaya ne a ofishinta. Mai kamfani da lebura a kansa suke zama, kafaɗa da kafaɗa. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa tun yanzu kewa ta kama ni.

Aikinta sasanta ma'aikata da iyayen gidansu, aikin da ba a gode wa mai yinsa. 'Yan ƙungiyar ma'aikata sun ce an saye ta, masu kamfani sun ce 'yar ƙungiya ce. Ta sha zagi ta kowane ɓangare, ba ta fasa ba.

Abin da aka fi tunawa da ita ya faru ne lokacin da ake gardamar gyaran dokar ƙwadago. Masu kamfani suna so a taƙaita hutun makoki ga uwa, uba, miji ko mata, da ɗa. Ma'aikata suka ce ba su san zancen ba. A ƙasar nan wanda bai je binne na mutane ba, ranar nasa zai ga kujeru babu kowa.

Ana cikin haka Fo Mawuli, mai ƙaramar masana'antar sabulu, ya kori wata ma'aikaciya, Da Sefako, wadda ta fi kowa daɗewa tana juya masa tukunya. Laifinta, ta tafi ƙauye binne gwaggonta, rabin matan wurin suka raka ta, sabulun da ke kan wuta ya daskare ya lalace. Sefako na da 'ya'ya a makaranta, ba ta da wata sana'a. Sauran matan suka yi rantsuwa in ba a mayar da ita ba, ba mai sake taɓa muciya.

Fo Mawuli da Sefako suka zauna a bencin Dagan, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

"Dagan, ki duba min," in ji Fo Mawuli. "Duk Juma'a sai an yi mutuwa! Matan nan dangin duniya ne? Wannan kaɗai ta binne uwa ta kai uku!"

"Kai, Patron, ji tsoron Allah!" Sefako ta zabura. "Wadda ta haife ni ta rasu ina goye. Wannan ce ta shayar da ni. In bar gawarta a ɗakin sanyi saboda sabulunka?"

"Sabulun nawa ke ciyar da ke!"

"Hannuwana ke ciyar da kai! Dubi yadda soda ta cinye su."

Dagan ta bar su sai da suka gaji. Sannan ta dubi Sefako. "Ƙanwata, in tukunya ta mutu sau biyu haka, ya rufe wurin, ina za ku?" Ta juya ga Mawuli. "Fo, kai wa ya rene ka?" Ya sunkuyar da kai, ya ce kawunsa ne, yana Kpalime. "To in an bi yadda kuke so a rubuta dokar, ranar da ya faɗi sai ka zauna gadin tukunya."

A ranar ta ƙulla musu sharaɗi. Matan da kansu za su faɗi wanda ya kai matsayin uwa ko uba ga kowacce, tunda sun san asalin juna. Mai makoki ta tafi da 'yan rakiya kaɗan, sauran su riƙe wuta, ko da za su haɗa aikin mutum biyu. Sefako ta koma aikinta. Dagan ta kai wannan tsari gaban kwamitin gyaran dokar, aka saurare ta, aka ɗauki abin da aka ɗauka. Ba ta taɓa yin alfahari da cewa ita ta kawo shi ba.

Dagan, ke ce kika gane cewa haƙƙin ma'aikaci ba ya rayuwa in wurin aiki ya mutu, wurin aiki kuma ba ya tsayuwa in an wulaƙanta mai aikin. Uwar benci, mai raba faɗa ba ki ɗauki gefe ba! Yanzu sulhu ya koma ta waya, kowa na aiko lauya, ba mai ganin idon wani. Wallahi muna kewar zamaninki tun ba ki tafi ba.

Bara kawun Fo Mawuli ya rasu, daidai lokacin da yake da kayan da zai kai wa masu saye. Ya tsaya a bakin masana'anta ya rasa yadda zai yi. Sefako ta fito da muciya a hannu.

"Patron, me kake jira? Motar Kpalime ba ta jiran mai kuɗi."

"Tukunya fa?"

"Ubanka ne, mun zauna mun yanke. Huɗu za su bi ka su yi girki. Ni ina nan, ko kumfa ba za ta zube ba. Tafi ka binne shi."

Waɗanda suka gani sun ce ƙaton mutumin nan ya fashe da kuka a gaban ma'aikatansa.

Mun gode, Dagan Essinam. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai. Ku kuma da za ku gaji ofishinta, in mutum biyu sun shigo muku da faɗa, ku yi ƙoƙari su fita su biyun da abin da za su ci gobe.